Sitacin da Ake Ci

Fatakwal,
6 ga Mayu, 1975.

Zuwa ga yayata Baiwa, a Abakpa Nike, Inugu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida Malam Awwalu da yara, kuma direbobinki suna cin tuwo suna neman ƙari. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Tun da aikin mai ya buɗe garin nan ya cika maƙil da baƙi, albasa ba ta kwana biyu a rumfata ta Kasuwar Creek Road.

Bayan haka, ga labarin Inna, don na san shi kike jira. Kin san tun da muka dawo da ita daga Kano bayan yaƙi ciwon cikin nan bai bar ta ta huta ba. Ta ci tuwon dawa ciki ya kumbura, ta ci wake ta wuni a dunƙule. Burodin nan da kowa ke rububi yanzu, in ta ci yanka ɗaya sai ta yi kwana biyu tana riƙe da ciki. Jiƙo kuwa babu irin wanda ba ta sha ba. Bayan babbar salla muka kai ta asibiti, likita ya ce a raba ta da yaji da wake da burodi da duk abin da aka soya. Na ce masa to me ya rage wa Bahaushiya ta ci?

Sai matata Ummulkulsum ta ce a bar mata. Kin san mahaifiyarta 'yar ƙabilar Kalabari ce, kuma a wurin dangin uwa can cikin ruwa ta yi zaman yaƙi. A can ta koyi wani abinci da suke yi da rogo. Wata huɗu ke nan ba ta ba Inna komai sai sitaci, safe da rana da yamma. Yaya, wallahi cikin Inna ya kwanta. Allah ya saka wa yarinyar nan.

Na ba Kallamu direba takardar nan, shi da yake bi ta Anacha ya shigo Inugu. Ki gaishe da Malam.

Ƙanenki,
Arzika.

Abakpa Nike,
15 ga Mayu, 1975.

Arzika,

Ina gaishe ka. Mu lafiya muke, ko in ce lafiya muke kafin takardarka ta zo.

Ta iso hannuna a jiƙe sharkaf, don a cikin hularsa Kallamu ya sa ta, ruwa kuma ya dake shi a Anacha. Rabin tawadar ta gudu, amma abin da ya rage ya ishe ni. Na karanta "ba komai sai sitaci". Na karanta "Inna". Na karanta "kwanta". Na ba Malam ya duba da tabarau, shi ma abin da ya gani ke nan.

Sitaci, Arzika? Abin da nake sa wa babbar rigar Malam ta tsaya ƙyam ranar Juma'a? Abin da ke sandarar da riga, me kake tsammani zai yi wa hanjin tsohuwa? Kuma na rogo! Ka manta akuyar Baba da ta ci ɓawon rogo a Indabawa, ba ta kai la'asar ba? Ko da yake lokacin majina kake sha, ba za ka tuna ba.

Shekara goma sha takwas ina tuƙa tuwo ina sayarwa, kafin yaƙi da bayansa. Babu direban da ya taɓa tashi daga bencina ya ce cikinsa. Amma yau uwar da ta haife ni ce ake ciyarwa da kayan wanki, ɗanta kuma yana sa albarka.

Ni ban ce komai a kan matarka ba. Sau biyu na taɓa ganin ta, duka biyun kanta a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Irin wannan ladabin da ya yi yawa ni tsoro yake ba ni. Allah ya sa ba kallon kitse kake yi wa rogo ba. Tsohuwa mai ciwo nauyi ce a gida, kuma ba kowace suruka ce ke son nauyin ya daɗe ba. Mutanen cikin ruwan nan kuwa sun san itatuwan da mu ba mu sani ba.

Ka sani Inna ba za ta gaya min komai ba ko da zan shekara zaune a gabanta. Ni ce 'yar fari, kunyata take ji, ko sunana ba ta taɓa kira ba, "waccan" take ce min. Kai ne auta, kai take buɗe wa ciki. To ka amsa min waɗannan: Tun yaushe ta kwanta? Kai ka taɓa ɗanɗana abin da bakinka? Ita mai dafawar, ka taɓa ganin ta kai shi bakinta?

Kada ka bar Kallamu ya juyo ba amsa.

Yayarka,
Baiwa.

Anacha,
2 ga Yuni, 1975.

Zuwa ga Yaya Baiwa.

Daga 'yar kawunki Hannatu. Gaisuwa da ban girma. Yaya gida, yaya Malam, yaya ruwa? Mu nan sai godiya, atamfa tana tafiya, sai dai ƙafar nan tawa.

Yaya, kin san ni ba mai tsegumi ba ce. Amma abin da ido ya gani, in baki ya yi shiru, alhaki ne. Na je Fatakwal suna ranar Alhamis, na ce bari in biya in gaishe da Inna Mero. Arzika yana kasuwa. Na same ta kwance a tabarma bayan azahar. Ta amsa gaisuwa sarai, amma ta rage jiki ba kamar yadda na san ta a Kano ba.

Na kai mata tsarabar kilishi da burodi babba. Kafin in ajiye, matar Arzika ta karɓe, wai Inna ba ta cin waɗannan. Da idona na ga an miƙa wa maƙwabta.

Na fito tsakar gida zan yi alwala, sai na ga wani farin abu an shanya a kan kwanon rufi. Ga kuma babbar roba cike da ruwa. Matar Arzika ta zo ta tsiyaye ruwan a kwata, kaji suka taho da gudu, sai ta bi su da tsintsiya tana cewa kada su sha, zai kashe su. Yaya, ruwan da zai kashe kaza, daga jikin abin da ake ba Inna ya fito.

Tukunyar Inna daban take, a rufe, da cokalinta daban, ba mai taɓawa. Ana cikin haka uwar yarinyar ta shigo, suka yi ta yarensu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Da abincin ya nuna na leƙa. Ba tuwo ba ne, ba kunu ba ne. Wani abu ne mai yauƙi da ƙananan ƙwayoyi, kai ka ce ƙwan kwaɗi ne a bakin kududdufi. Matar Arzika ta ɗauka ta shiga ɗakin Inna ta saki labule, ni kuwa aka bar ni a waje da kwanon shinkafa kamar baƙuwar da ba a sani ba. Me ake ɓoyewa a bayan labule in abinci ne kawai?

Ni dai na sauke nauyi. Don Allah kada ki ce daga bakina kika ji.

Taki,
Hannatu.

Abakpa Nike,
9 ga Yuni, 1975.

Arzika,

Gaisuwa. Yau kwana ashirin da biyar da na rubuta maka, ko layi ɗaya ban gani ba. Kallamu ma ya ɓace kamar an aike shi lahira, shi ya sa na aiko wannan ta gidan waya.

Ko dai ba ka da amsa, ko kuma akwai mai tsare takarduna a gidanka. Na ji labarin kaji, na ji labarin labule. Kada ka tambaye ni wanda ya gaya min.

Baba ya rasu ina nesa, ban wanke masa ko kwano ba. Ba zan zauna a Inugu ina ƙosar da direbobi a aiko min da irin wannan saƙon karo na biyu ba. Ina nan tafe.

Baiwa.

Fatakwal,
20 ga Yuni, 1975.

Yaya Baiwa,

Ina gaishe ki, don gaisuwa wajibi ce. Ina fata kun isa lafiya, kuma hanya ba ta wahalar da Inna ba.

Sai da na bari kwana huɗu suka wuce kafin in ɗauki alƙalami, don in na rubuta a ranar, da na faɗi abin da ƙane ba ya faɗa wa yayarsa. Na tafi Rumuokoro tarbar motar albasa, na dawo na tarar da ɗakin Inna wayam. Maƙwabta suka ba ni labari. Sun ce Ummulkulsum ta durƙusa tana gaishe ki, kika wuce ta kika kwashe garin da ta yi kwana uku tana aikinsa kika watsa a kwata. Sun ce kin tsaya a tsakar gida kin ce sammu ake yi wa uwarki. A gidan haya, Yaya, gaban kowa da kowa! Ita kuwa Ummulkulsum sai ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta haɗa wa Inna kayanta, ta raka ku bakin titi, ta dawo ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan mahaifiyarta. Har yau tana can. Na je biko sau biyu, tsohuwar ta ba ni kujera da ruwa, ba ta ba ni 'yarta ba.

Na amsa takardarki tun ranar 20 ga Mayu, shafi uku cur. Motar Kallamu ce ta lalace a Anacha, ya zauna jiran kayan gyara, takardar tana aljihunsa. Ba wanda ya tsare komai a gidana.

Ban rubuta Inna ta kwanta ba. Cewa na yi cikin Inna ya kwanta. Ruwa ya cinye kalma ɗaya, ke kuma kika cika gurbin da abin da ke ranki. Ai kin ga da ƙafarta ta shiga mota.

Sitacin nan suna ne kawai ya haɗa shi da na wanki. Mutanen nan tafiyoka suke kiransa, abinci ne, 'ya'yansu ma shi suke sha. Kin tambaya ko na ɗanɗana. Na ɗanɗana, ba shi da wani daɗi, amma ba daɗi muke nema ba.

Na tambayi maƙwabta ko Inna ta yi gardama. Sun ce kallon ƙasa ta yi ta ce, "A bar waccan ta yi abin da ta ga dama." Kin fi ni sanin cewa wannan ba yarda ba ce.

Tunda kin ɗauke ta, to ki riƙe wannan don Allah: ban da yaji, ban da wake, ban da burodi, ban da mai.

Arzika.

Abakpa Nike,
28 ga Yuni, 1975.

Ƙanena Arzika,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Inna ma lafiya ƙalau, kuma da gangan na rubuta ƙalau ɗin da manyan baƙaƙe don kada ruwa ya cinye.

Na ga faɗanka. Na yarda na karanta kalma ɗaya ba daidai ba, amma kaji fa? Su ma ruwan sama ne ya rubuta su? Da ƙafarta ta shiga mota, gaskiya ne, sai dai iska mai ƙarfi za ta iya ɗaukar ta.

Ka zo ka ga uwarka yanzu. Da safe ƙosai da koko, ko burodi da shayi mai madara. Da rana tuwon dawa miyar kuka, da man shanu da ɗan yaji don baki ya buɗe. Ina aika mata kwano ɗaki, ya dawo a sharce kamar an wanke. Ko sau ɗaya ba ta mayar min da saura ba. Wannan ce matar da aka ce ba ta iya cin abincin da aka yaye ta da shi? Yunwa ce ta kwantar mata da ciki, Arzika. Cikin da babu komai ai dole ya kwanta. Likitocin nan in ka biye musu, ruwa ma sai su ce a tafasa shi sau bakwai.

Malam yana yi mata rubutu na karya abin da aka yi, in an yi. Ka ga na ce in an yi. Iyakar abin da zan rage ke nan a yanzu. Matarka kuwa, in tana da gaskiya, me ya kore ta daga ɗakinta? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ka gaishe da albasarka.

Yayarka,
Baiwa.

Abakpa Nike,
14 ga Yuli, 1975.

Zuwa ga Ummulkulsum, ta hannun Kallamu, a gidan mahaifiyarta.

Ina gaishe ki, ina gaishe da tsohuwa. Ban taɓa rubuta miki takarda ba, kuma ba haka na so ta farko ta kasance ba. Lafiyar da ake fara takarda da ita, yau babu ita a gidana.

Ranar Talata bayan azahar na zagaya bayan ɗakin girki ɗebo itace, na tarar da Inna durƙushe tana amai, tana jawo ƙasa da hannu tana rufewa. Wurin duk tudun ƙasa ne ƙanana, ba na rana ɗaya ba ne. Mako uku tana cinye abin da na aika, ta lallaɓa nan ta dawo da shi, ta koma ɗaki ta dunƙule, ni kuwa ina bakin titi ina yi wa direbobi alfahari. Ranar har da jini.

Na ce, "Inna, don girman Allah me ya sa ba ki faɗa ba?" Ba ta dube ni ba. Bangon ta duba ta ce, "A gaya wa waccan, ta yi wahala ta dafa. Da wane baki zan mayar mata da kwano?"

Mun kwana uku a asibiti. Likitan ya tambayi abin da take ci a da, na gaya masa ina jin kunya, ina jiran ya tayar da hankali. Sai ya ce to me ya sa aka daina? Yanzu muna gida. Ruwan shinkafa kawai take iya riƙewa, shi ma cokali uku. Jiya da na ɗaga ta, sai na ji kamar ɗan zani na ɗaga. Tsoro nake ji, Ummulkulsum, tsoron da ban ji ba ko ranar da muka gudu daga garin nan lokacin yaƙi.

Na je kasuwar Abakpa na ce a ba ni sitaci. Aka nuna min wurin masu wanki. Na buɗe ƙunshin, tsami ya bugi hancina, ga shuɗin bula a jikinsa. Na tsaya da shi a hannu, sai na gane ko sunan abin ban iya tambaya ba.

Ban iya neman gafara ba, bakina bai saba ba. Amma ga shi ina nema. In ba za ki yi don ni ba, ki yi don ita. Ki gaya min yadda ake yi, dalla-dalla, kamar kina koya wa wadda ba ta taɓa hura wuta ba.

Baiwa.

Fatakwal,
19 ga Yuli, 1975.

Zuwa ga Yaya Baiwa.

Gaisuwa da ladabi. Yaya mai jiki? Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta takardarki na yi kuka. Na so in tsaya fushi, sai mahaifiyata ta ce min da Turancinta na buroka, "Belle no dey wait," wato ciki ba ya jira. Ita ta taya ni gurza rogo, muka haɗa da wanda ke gare ta. Ga gwangwani biyu nan wurin Kallamu, na naɗe su da leda saboda ruwa. Ɗaya gari ne, ɗaya ƙwayoyi.

Na masu wanki ki zubar. Su ba ruwansu da tsabta, tunda riga ba ta da ciki.

Kunun safe: ki jiƙa ƙwayoyin ludayi ɗaya a ruwan sanyi tun da asuba, su sha ruwa har hantsi. Ki tafasa ruwa ludayi huɗu, ki rage wuta, ki zuba kina juyawa ba tsayawa, in kika tsaya zai kama gindin tukunya. Da farko fari ne. In ya nuna sai ya washe, ki riƙa hango cokali ta cikinsa. In da sauran fari a tsakiyar ƙwaya, bai yi ba. Ki gurza kwakwa ki matse ruwanta, ki zuba kaɗan, da ɗan sukari. Madarar gwangwani ba ta karɓe ta ba.

In ta kwana uku ba amai, ki yi mata tuwonsa. Ki dama garin da ruwan sanyi tukuna, sannan ki ɗora a wuta kina tuƙawa. In kika zuba shi a tafasasshen ruwa kamar garin dawa, gudaji zai yi. Ki bar shi da ruwa-ruwa. Miyarsa romon ɗanyen kifi ne da gishiri da ɗan ganyen ugu, irin kabewar mutanen nan, ba albasa, ba daddawa, ba mai. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi da yawa sau biyu. Tukunyarta da cokalinta daban, don ko wanke tukunyar miya aka yi, yaji ba ya fita duka, cikinta kuma yana ganewa.

Ruwan da na hana kaji, ruwan farko ne na rogo, shi ke ɗauke da ɗacin da ke kisa. Shi ya sa nake wankewa ina tsiyayewa har sau biyar kafin in shanya. Abin da ke kwata shi ne abin da na raba Inna da shi.

Saura labule. Inna ta ce kada in faɗa wa kowa, Allah ya yafe min. Ranar farko ita ma cewa ta yi ba ta cin kayan wanki. Na rasa yadda zan yi, sai na zauna na sa cokali a kwanonta na ci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sa nata. Tun daga ranar ba ta ci sai da ni. Kin san abin kunya ne a ga uwar miji da matar ɗanta hannu a kwano ɗaya, shi ya sa nake sakin labule. Ina tsammanin ke ma ba za ta ci ba sai kin zauna kin ci. Na san abin da ke tsakaninki da ita, amma ban san wata dabara ba.

Maganar gafara, Yaya, zuciyata ba ta riƙe ki ba. Sai dai abin da kika faɗa a tsakar gida, mutum goma sha ɗaya ne suka ji. Matar da nake yi wa kitso ta daina aiko min da 'yarta. Takardarki kuwa ni kaɗai na karanta. Shi ya sa ban koma ɗakina ba.

Ki ce da Inna 'yarta tana gaishe ta.

Taki,
Ummulkulsum.

Abakpa Nike,
30 ga Yuli, 1975.

Ƙanwata Ummulkulsum,

Gaisuwa mai yawa gare ki da tsohuwa, Allah ya saka mata, ya ƙara wa hannunta ƙarfi. Inna da sauƙi. Yau kwana takwas ba amai, jiya ta fito tsakar gida ta sha hantsi.

Tukunyar farko ta kama, ta biyu ta yi gudaji. Ni Baiwa, da nake tuƙa wa mutum hamsin tuwo! Ta uku ta washe yadda kika ce. Na kai mata, ta juya fuska bango. Na ajiye na fita, na dawo na same shi ya huce ko taɓawa ba ta yi ba. Na ɗumama na koma. Na daɗe a bakin ƙofa riƙe da kwano, ƙafata ta ƙi shiga. Sannan na saki labule, na zauna, na sa cokali.

Gaskiya Arzika ya faɗa, ba shi da wani daɗi. Na ci ɗaya, na ci biyu, ina kallon ƙasa. A na huɗu na ji ƙarar wani cokali a gefen kwanon. Ban ɗaga kai ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa sanin yadda uwata take tauna ba sai ranar. Hawaye na zuba a kunun, ina ci da su.

Da muka gama sai ta dubi labule ta ce, "A gaya wa waccan ta cika ruwa. Na 'yata ya fi kauri."

Na ji kishi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ta faɗi gaskiya, kuma gwangwani ɗaya ya kusa ƙarewa, ni ko rogon kirki ban iya zaɓa ba. Wurinki ne wurin Inna.

Ranar Asabar ta sama za mu taho, Kallamu ya ba mu gaban mota. Ba gidan tsohuwa zan fara zuwa ba. Ki gaya wa Arzika ya tara min mutum goma sha ɗayan nan a tsakar gida, har da mai 'yar kitso. Wanda ya tafi kasuwa a kira shi, wanda ya yi tafiya zan zauna in jira ya dawo. A inda na tsaya na faɗa, a nan zan tsaya in janye, kuma kin san muryata ba ta buƙatar a matso kusa.

In na gama zan zo in durƙusa wa mahaifiyarki, in tafi da ke ɗakinki da hannuna.

Allah ya kai mu Asabar da rai da lafiya.

Yayarki,
Baiwa.